Cikin Da Aka Ce Ya Kwanta

Wannan makon layi ya zo kanmu, kuma abin da muka kawo ba ƙagagge ba ne, labarin babbar yayarmu ne. Sai da muka nemi izininta, ta ce mu rubuta amma kada mu kama suna. Don haka Yaya kawai za mu riƙa cewa, yadda muke kiran ta a gida. Idan kun ji mun ce "mu", to mu ƙannenta uku ke nan, maza biyu da autarmu mace.

Gidanmu yana Gyadi-Gyadi. Daga ƙofar gida zuwa Asibitin Malam Aminu Kano da ke Titin Zariya, mai tafiya a ƙafa ba zai yi minti ashirin ba. An kafa asibitin a 1988, kafin a haifi ko ɗaya daga cikin mu ukun. Mun tashi muna ganin mutanen Jigawa da Katsina, har da na Maraɗi da Damagaram, suna sauka a unguwarmu da tabarmi da kwanuka suna neman lafiya. Yaya kuwa aure ya kai ta bayan kasuwar Tarauni, nan da nan a adaidaita sahu. Amma duk da wannan kusancin, sai da ta shekara uku tana zubar da jini kafin ta zauna gaban likita aka yi maganar ciwonta daga tushe.

Abin ya fara a 2021, tana da shekara 38 da 'ya'ya huɗu. Al'adarta da ba ta wuce kwana biyar ta koma tara, ta koma sha biyu, da gudaji. Fitsari ya matsa mata, dare ɗaya sai ta tashi sau huɗu. Sai mara ta fara tasowa. Mu maza ba mu san komai ba, don ba a irin wannan hirar da ƙane. Abin da idonmu ya gani kawai shi ne ta daina sa kaya masu haske, ita da sana'arta ke nan, sarin atamfa da leshi daga Kwari. Ta daina daɗewa a gidan biki. In ta zo gida ba ta zama a kujera, sai a tabarma, kusa da ƙofa. Umma ta sani, autarmu ta sani, mu kuwa muka ɗauka girma ne ya zo mata.

Ashe tun a shekarar farko ta je wani wurin ɗaukar hoton ciki ita kaɗai. Aka ce mata ƙari ne a mahaifa, wanda ake kira faibiroid, guda uku. Wanda ya miƙa mata takardar ya ce, "Hajiya, irin wannan ai ƙarshensa sai an cire." Bai faɗi me za a cire ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Kunnenta ya jiye mata mahaifa. Ta ninke takardar ta tura ƙasan akwati, ba ta sake komawa ba.

Daga nan sai masu fassara suka samu fili. Gwaggonmu ta dafa marar ta ce ciki ne ya kwanta, a yi haƙuri, zai tashi. Wannan fahimtar tsohuwa ce a ƙasar Hausa, kuma ba za mu yi wa Gwaggo dariya ba: mace ta ga cikinta ya taso, tana jin nauyi, wani lokacin har kamar motsi, me za ta ce kafin zuwan na'urar hoto? Wasu suka ce jifa ne. Mai magani da lasifika a kan mota ya ce nasa yana narkar da ƙari cikin kwana arba'in ba tare da wuƙa ba. Yaya ta sha jarka ta fi ashirin. Kuɗin da ya tafi a nan, da an tara, da ya rage mana wani abu daga bashin da za mu zo kansa.

Akwai laifin da ya shafe mu a nan, mu masu alƙalami, kuma gara mu faɗe shi da bakinmu. Ku tuna littattafan da muke karantawa a waya, da waɗanda muke rubutawa. Wa ake cire wa mahaifa a cikinsu? Muguwar kishiya, ko 'yar bariki, ko wadda ta zubar da ciki. Likita ya fito yana cire gilashi, ya ce sai haƙuri, mun cire mahaifar, mai karatu ya ce Allah ya ƙara. Mu kanmu mun taɓa rubuta gajeren labari mai irin wannan ƙarshen, muka karanta a zaman ƙungiya aka tafa mana. Yaya ta karanta shi a wayar autarmu, har ta yaba. Sai daga baya ta ce mana, "Ai ni tun da na karanta na ce gara na mutu da abata." Ba mu ce labarinmu ne ya hana ta zuwa asibiti ba, maganganun mata a gidan suna sun fi shi ƙarfi, inda ake kiran wadda aka yi wa aikin da fanko. Amma mun zuba namu a kai.

A azumin 2024 ta faɗi a kicin ana shirin buɗa-baki. A ranar ne mu maza muka ji komai, saboda jini ake nema, kuma jini ba ya jiran kunya. Leda uku aka ce. Mu biyu muka bayar, abokin babbanmu ya cike ta ukun. Wata ma'aikaciyar jinya ta ja fatar idon Yaya ta nuna mana, fari fat kamar takarda. Sai a lokacin muka gane cewa shekara uku tana lissafin kwanakin salla da na azumi da ƙyar, tana tambayar malamar Islamiyyarsu inda jinin al'ada ya tsaya da inda na ciwo ya fara.

Likitar matan da ta duba ta, Allah ya saka mata da alheri, ta yi abin da ba a taɓa yi wa Yaya ba: ta ja kujera ta zauna, ta ɗauki biro ta zana mahaifa a bayan takarda. Ta ce ƙarin nan tsiro ne daga naman mahaifar kanta, ba ciwon daji ba ne. Ta ce mata da yawa suna da shi ba su ma sani ba, kuma wanda bai dami mai shi ba ba a taɓa shi, in al'ada ta ɗauke yakan motse da kansa. Ya fi yawa a baƙar fata, yana kuma zo mana da wuri. Daga baya muka ga wani binciken Amurka na 2003 da ya nuna cewa kafin shekara 50, sama da mata 80 cikin 100 na baƙar fata suna samun sa, farare kuwa kusan 70. Wato a kowane layin awo, a kowace walima, masu shi sun fi marasa shi in shekaru sun ja.

Sai ta jero hanyoyi. Akwai ƙwayoyin rage zubar jini, da allurar da ke sa ƙarin ya motse na ɗan lokaci, in an daina ya dawo. Akwai aikin da ake buɗe ciki a ɗebe ƙarin a bar mahaifa. Akwai cire mahaifar gaba ɗaya, wanda shi ne kaɗai ke raba mace da ciwon har abada. Sannan ta ce akwai wata hanyar da ba a yanka ciki, ana toshe jijiyoyin da ke shayar da ƙarin ne, yunwa ta kashe shi a inda yake. Turawa suna ce da ita embolaizeshan. Mu a gida muka raɗa mata suna toshiya, har Umma ma haka take cewa.

Ga yadda abin yake, gwargwadon yadda aka yi mana bayani muka kuma bi diddigi. Mahaifa tana da manyan jijiyoyi biyu da ke kawo mata jini, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Ƙarin mayunwaci ne, daga waɗannan jijiyoyin yake zuƙa, har ya fi naman mahaifar ja. Likitan da ke wannan aikin ba likitan mata ba ne, likitan hoto ne da ya ƙware a aiki ta cikin jijiya. Yana kashe wuri kaɗan a matse-matsi ko a wuyan hannu, ya huda jijiya, ya zura siririn bututu mai kaurin taliya. Yana kallon allo, na'urar hoto tana nuna masa inda bututun ya kai, yana tura wani ruwa da ke haska hanyar, har ya isa jijiyar mahaifa. A nan sai ya saki wasu 'yan ƙwayoyi kamar yashi mai laushi, yawanci rabin milimita ko ɗan fiye. Jini ya kwashe su ya kai su ƙananan jijiyoyin ƙarin, su cushe. Ya gama da ɓangare ɗaya, ya juya ɗayan.

Tambayar da babbanmu ya yi ita ce ta kowa: in an toshe hanyar jini, ita mahaifar ba za ta mutu ba? Amsar da aka ba shi mun fi gane ta da unguwarmu. In an rufe Titin Zariya saboda wani taro, ɗan adaidaita ba ya tsayawa, ya san lungunan da za su ɓulla da shi Court Road ko Zoo Road. Mahaifa haka take, tana da ƙananan hanyoyi daga jijiyoyin da ke maƙwabtaka da ita, jini zai lallaɓo ya same ta. Shi kuwa ƙarin a lungun da ba ya ɓullewa yake zaune. In an toshe bakin lungun, shi ke nan. Ba ya ɓacewa, motsewa yake yi a hankali cikin watanni, yakan rage kusan rabin girmansa, ya yi laushi, jinin ya lafa.

Abin da ya ba mu haushi da kanmu shi ne da muka gano hanyar ba sabuwa ba ce. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake toshe jijiyar mahaifa don tsayar da jinin da ya ɓalle bayan haihuwa. Wani likitan mata a birnin Faris na Faransa, Farfesa Rabina, ya riƙa tura matan da zai yi wa aikin ƙari a fara toshe musu jijiyar don kada su zubar da jini da yawa a ɗakin tiyata. Sai ya lura wasunsu kafin ranar aikin sun samu sauƙi, ƙarin ya ja baya. A 1995 shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon mata 16 a mujallar Lancet. A watan Nuwamba na 2004 aka yi wa Kwandaliza Rais wannan aikin a Washinton, 'yan kwanaki bayan an ba da sunanta a matsayin sakatariyar harkokin wajen Amurka, kuma jaridun duniya suka ɗauka. Lokacin wasunmu ko firamare ba su gama ba. Shekara ashirin bayan haka, mu masu difloma a hannu da intanet a aljihu, ba mu taɓa jin sunansa ba.

To amma kada murna ta kwashe ku yadda ta kwashe mu. Mun fito daga ofishin likitar nan muna cewa an samu mafita, ba wuƙa ba ɗinki. Gaskiyar ta fi haka nauyi.

Na farko kuɗi. Na'urar da ake aikin da ita tana da tsada, bututun da ƙwayoyin daga waje ake shigo da su, da dala, kuma likitocin da suka iya aikin a Nijeriya kaɗan ne. Kafin ma a ce kin dace sai an yi hoton MRI, a ga yawan ƙarin da inda kowanne ya zauna, a kuma tabbatar ba wani ciwon ne ya yi kama da shi ba. Mu an haɗa mu da wani asibitin kuɗi ne a Legas. Da aka turo lissafi, mijin Yaya ya yi shiru ya fi minti biyar, sannan ya ce, "Wannan ai kuɗin fili ne." Ya ninka na aikin buɗe ciki a nan Kano ba sau ɗaya ba. An yi taron gida, kuma ba a rabu da daɗi ba. Baffa ya ce mace mai 'ya'ya huɗu da shekara 41, me za ta yi da mahaifa da za a tsiyata gida saboda ita? Maganarsa tana da ɗaci, amma ba za mu ce ba ta da hujja ba, don likitar ma ta ce cire mahaifa hanya ce mai kyau ga mata da yawa, kuma wadda aka yi wa tana nan mace cikakkiya. Yaya ta ce, "Baffa, ni ba haihuwa nake nema ba. Ina tsoron yanka, kuma ina so na koma ga Ubangijina yadda ya halicce ni in da hali." Ta cire sarƙarta da awarwaron gwal ta ajiye a gaban Umma. Adashinta ya shiga, jarin atamfa ya shiga, babbanmu ya sayar da babur ɗinsa, saura aka ranto.

A watan Oktoba na 2024 suka tafi, ita da mijinta da autarmu, suka sauka wajen 'yan uwa a Agege. Aikin bai kai awa biyu ba. Idonta biyu aka yi, sai dai an ba ta abin da ya sa jikinta ya mutu, tana jin likitan yana magana da mataimakansa. Da aka fito da ita, autarmu ta turo mana hoton wurin: filasta ɗaya a wuyan hannu, ko girman akwatin ashana bai kai ba. Muka yi ta kabbara a tsakar gida.

Sai dare ya yi. Wannan ne ɓangaren da masu tallar "ba tiyata" ba sa daɗewa a kansa. Naman da aka yanke wa jini yana ciwo, ciwo mai tsanani. Yaya, wadda ta haihu sau huɗu, ta ce naƙuda ce ba jariri. Allurai aka yi ta ba ta har asuba. Washegari aka sallame ta, amma kwana huɗu tana fama da zazzaɓi da tashin zuciya da kasala. An riga an gaya musu haka zai faru, an kuma ce in zazzaɓin ya yi zafi ko wani ruwa mai wari ya fito su dawo da gudu, don mataccen ƙari yana iya ruɓewa, kuma in ya yi muni cire mahaifar da ake gudu shi za a koma. Allah ya tsare. Kwana goma ta dawo Kano da ƙafarta, sati biyu ta shiga Kwari. Wadda aka buɗe wa ciki takan yi sati huɗu zuwa shida kafin ta warware.

Al'adar farko ba ta canza sosai ba, har ta fara kuka. Ta biyu ta zo kwana bakwai. Ta uku kwana biyar, ba gudaji. Hoton wata shida ya nuna babban ƙarin ya ragu da kusan rabi, ƙananan biyun sun motse. Suna nan dai. Likitan bai ɓoye mata ba cewa wasu matan ciwon yana dawo musu. A wani binciken ƙasar Holan da aka bi matan har shekara 10, kusan biyu cikin uku na waɗanda aka yi wa toshiya sun tsira da mahaifarsu, ɗaya cikin ukun kuwa daga baya sai da aka cire. Ya kuma ce macen da ta haura 45 al'adarta tana iya ɗaukewa gaba ɗaya bayan aikin, saboda wasu ƙwayoyin sukan ɓata hanya su taɓa jijiyar ƙwan haihuwa.

Wannan ne ya kawo mu kan 'yar kawunmu. Shekararta 29, shekara biyar da aure ba haihuwa, ita ma hoto ya nuna ƙari. Da ta ga Yaya ta miƙe sai ta ce ita ma toshiya ko ba komai. Muka goya mata baya, mu da muka zama malaman abin a dangi. Likitar nan dai ta taka mana birki. Ta ce mai neman haihuwa, yawanci ɗebe ƙarin ake fara ba ta shawara, musamman irin nata da ya kutsa cikin ɗakin da jariri zai kwanta. Ana samun ciki bayan toshiya, amma akwai damuwa a kan ɓari da matsalar mabiyiya, kuma hujjojin ba su gama zama ba. Wani babban binciken Birtaniya da aka buga a 2020, a kan mata 254, ya nuna duka hanyoyin biyu suna kawo sauƙi, amma bayan shekara biyu waɗanda aka ɗebe wa ƙarin sun ɗan fi jin daɗin jikinsu. 'Yar kawunmu ta yi fushi da likitar na wata guda, sannan ta yarda. A nan Kano aka yi mata aikin, aka fitar da guda biyar, mahaifarta tana nan. Kuɗinta bai kai kusa da na Yaya ba. Muna ta addu'a, har yanzu shiru, amma shekara ɗaya ma ba a cika ba.

Gwaggo kuwa ba ta sauka daga kan maganarta ba. Da aka yi mata bayanin toshiya, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Wato yunwa kuka sa wa ɗan mutane har ya bushe." Umma ta nuna mata hoton a waya, ta ce ita ba ta ga komai ba sai hayaƙi. An bar ta a haka. Bashi kuma saura kashi ɗaya cikin uku, babbanmu har yau a adaidaita yake zuwa aiki, kuma in Baffa ya gan shi a bakin titi sai ya girgiza kai.

Azumin 2025 Yaya ta sha biyar kacal, ta rama su a Shawwal. Da ƙaramar salla ta zo gida da leshi ruwan madara, ta zauna a kujerar falo ta tsakiya, har muka yi ta tsokanar ta.

Tun daga nan gidanta na Tarauni ya samu wasu irin baƙi. Bayan magariba suke zuwa, da sunan duba atamfa. Autarmu ta ce rannan wata maƙwabciya ta gama ɗaga turame shida ba ta zaɓi ko ɗaya ba, sai da yara suka fita ta zaro wata takarda daga jaka, ta tsufa har ta fara yagewa a wajen ninkin. Kwanan watan da ke jiki na 2022 ne. Ta ce, "Maman yara, an ce ke ba a yanka ki ba."

Yaya ta karɓi takardar ta duba, ta ce, "Ba a yanka ni ba, amma na sha wuya, kuma ba lallai irin nawa ne zai dace da ke ba. 'Ya'yanki nawa? Kina son ƙari?"

Matar ta ce biyu ne, kuma tana so.

Yaya ta ce, "To ba Legas za mu fara ba. Jibi Litinin ki shirya da wuri, ki taho da maigidan in zai yarda. Ni zan raka ki mu yanki kati."